Kwana 14 kacal doka ta ba mu a kan bindigar Baba

Baba ya rasu ya bar gida, gona biyu da bindigarsa mai baki biyu ta farauta. Gida da gona ba su ba mu wahala ba. Malam ya zo ya fitar da tumunin Inna, ya raba saura tsakaninmu, kowa ya yi hamdala. Bindigar nan ce ta hana ni barci wata uku ke nan.

Lasisinta na sunan Baba ne, kuma lasisin bindiga ba a gadonsa. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta ce wanda kayan mamaci ke hannunsa zai iya riƙe bindigar na kwana 14 bayan rasuwa. Daga nan kuma ya zama mai riƙe da makami ba izini, laifin da ke kai mutum gidan yari. Kwana 14! Don Allah wa ya zauna ya yanke wannan adadi? A lokacin ana ta zuwa gaisuwa, ba a daɗe da sadakar bakwai ba, Inna ko rabin wata ba ta yi ba cikin takabarta ta wata huɗu da kwana goma. Wa yake tuna abin da ke ƙarƙashin gado a irin wannan hali? Ni sai bayan arba'in wani abokin Baba ya ja ni gefe ya faɗa mini.

Washegari na ɗauki takardun na nufi ofishin 'yan sanda, na bar bindigar a kulle a gida don tsoron shingen hanya. Na farko ya ce ba aikinsa ba ne. Na biyu ya ce in kawo takardar shaidar rasuwa, na kawo, ya ce sai da takardar kotu. Na samo ta kotu, aka ce oga ya yi tafiya. Sau biyar ina hawa mota da kuɗina. Na ce to ku karɓa ku ajiye a ma'ajiyar makamai, ku ba ni shaidar karɓa. Wani ya ce in kawo, takarda ta biyo baya. Ni yaro ne? In miƙa bindiga ba rubutu, gobe a tsince ta a hannun ɗan fashi da lambarta mai sunan mahaifina?

Ga magada a gefe. An yi mata kuɗi cikin gado, akwai haƙƙin marayu biyu a ciki, ƙannenmu. Sayarwa babu hali sai ga dillali mai rajista ko ga mai lasisi. Ƙanena yana so ya riƙe, amma tun 2023 aka sanar da dakatar da ba da sabon lasisi.

Abin da ke ƙona mini rai, 'yan bindiga na yawo da AK-47 a dazukanmu, ni da na kai kaina da ƙafata ake yi wa kallon mai laifi. Ku hukuma, ku buga matakan a manna a bango, da Hausa, ku sa mutum ɗaya da zai karɓa ya sa hannu. Ranar Litinin zan koma karo na shida.