Hoton kai: wa ke da ikon faɗin ko kai wane ne?

Akwai zargin da ake yawan yi wa mai zane ko mai ɗaukar hoto da ya mayar da fuskarsa abin aikinsa. Ana cewa ji da kai ne, ko kuma ya rasa abin zanawa ne ya koma gaban madubi. Yanzu da hoton ɗauki-da-kanka ya cika wayoyin mutane, zargin ya ƙara samun gindin zama. Ni ban yarda da shi ba. A ganina, cikin fasahar zamani kaɗan ne ayyukan da suka kai hoton kai nauyi, musamman idan ya fito daga hannun mutanen da aka daɗe ana ɗaukarsu hoto ba tare da an tambaye su yadda suke so a gan su ba.

A duba Samuel Fosso. An haife shi a Kumba ta ƙasar Kamaru a 1962, mahaifiyarsa 'yar Ibo ce, ya tashi a Afikpo, yaƙin basasar Najeriya ya rutsa da shi yana ƙarami. A 1972 kawunsa ya tafi da shi Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma a 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe shagon ɗaukar hoto nasa na kansa. Da rana yana ɗaukar masu neman hoton fasfo da na biki. Idan dare ya yi aka rufe shago, sai ya ƙarasa ragowar fim ɗin a kansa: ya sa wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa, da takalmi mai tudu, da baƙin tabarau, ya tsaya gaban kyamara. Wasu hotunan kakarsa yake aika wa a Najeriya, don ta ga yana nan da rai da lafiya. Yaron da yaƙi ya raba da gida, yana zaune cikin mutanen da ba yarensu ɗaya ba, shi ne ke tsara wa kansa kamanni kowane dare. Wanda ya kira wannan ji da kai bai san gudun hijira ba.

Kafin nan, wa ke ɗaukar irin su Fosso hoto? Daga 1909 gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta ɗauki Northcote Thomas aikin nazarin al'ummomin kudancin Najeriya. Ya ɗauki dubban hotuna a ƙasar Edo da ta Ibo, da yawa daga cikinsu na mutane ne da aka tsayar, a ɗauke su ta gaba, a ɗauke su ta gefe, a maƙala musu lamba. Mutum ya tashi daga wane ɗan wane, ya koma samfurin ƙabila. Shekara sittin da 'yan kai bayan haka, ɗan wannan ƙasa ta Ibo ne ya riƙe kyamarar, shi ne a gabanta, shi ne a bayanta, shi ke zaɓen tufa da tsayuwa da haske. Wannan sauyin hannu shi ne zuciyar maganar.

Abin da ya fi burge ni shi ne Fosso bai tsaya kan nuna kansa kaɗai ba. Bayan an ga aikinsa a bikin baje kolin hotuna na farko da aka yi a Bamako a 1994, sai ya shiga aron fuskokin wasu. A 1997 ya yi shigar basarake: fatar damisa, sarƙoƙin zinari, farin tabarau, furanni a hannu, ya ce wannan ne sarkin da ya sayar wa Turawa Afirka. A 2008 ya fito a kamannin Patrice Lumumba, da Kwame Nkrumah, da Nelson Mandela, da Malcolm X, da Muhammad Ali, har da Angela Davis. A 2013 ya zama Mao na ƙasar Sin, lokacin da ake ta muhawara kan shigowar Sin cikin tattalin arzikin Afirka. Wani zai ce ai wannan wasan kwaikwayo ne, ba hoton kai ba. Amma da me ake gina mutum in ba da waɗanda ya gada, da waɗanda ya so ya zama, da waɗanda yake jin kunyar haɗa jini da su ba? Da ya sa kansa a matsayin basaraken nan, bai nuna wani da yatsa ba, jikinsa ya ɗora wa laifin. Wannan ya fi zagi daga nesa wuya, ya kuma fi shi gaskiya.

Omar Victor Diop, ɗan Senegal da aka haifa a Dakar a 1980, ya bi wannan hanya ta wata fuska. A 2014 ya tattaro tsofaffin zane-zanen da aka yi wa wasu 'yan Afirka da suka rayu a ƙasashen waje, ya sake tsara su da jikinsa, yana riƙe da ƙwallo ko safar hannun gola ko katin alƙalin wasa. Ɗaya daga cikinsu Ayuba Suleiman Diallo ne, Bafulatani malami daga Bundu da aka kama aka sayar bawa zuwa Maryland a Amurka, ya isa Ingila, ya samu 'yanci, a can kuma William Hoare ya zana shi a 1733. Waɗanda suka zauna da shi sun rubuta cewa ba ya son hoto ko kaɗan, sai da aka tabbatar masa ba bauta wa hoton za a yi ba kafin ya yarda ya zauna. Da ya yarda kuma, ya kafa sharaɗi: a zana shi cikin tufafin ƙasarsu. Mai zanen bai taɓa ganin irinsu ba, Ayuba ne ya kwatanta masa. Shi ya sa ake ganinsa da farin rawani da farar riga, da Alƙur'ani rataye a wuya. Buroshin yana hannun Bature, amma Ayuba ne ya yanke yadda za a gan shi. Da Diop ya ƙara ƙwallo a hoton, tambaya ya jefa wa Turai: kuna tafa wa baƙin mutum a filin wasa, to a wajen fili fa?

Wannan damuwa ba ta 'yan Afirka kaɗai ba ce. Frida Kahlo ta Meziko, ubanta Bajamushe, uwarta mai jinin Sifaniyawa da na 'yan asalin ƙasar, ta fara zane gadan-gadan ne a kwance, bayan haɗarin motar haya da ya ragargaza mata jiki a 1925. An kafa mata madubi a saman gado, fuskar da take gani kullum ita ta zana. A 1939, shekarar da aurenta da mai zane Diego Rivera ya mutu, ta zana kanta biyu zaune riƙe da hannun juna: ɗaya cikin farar rigar Turawa, ɗaya cikin kayan gargajiyar matan Tehuantepec ta kudancin Meziko, jijiya guda ta haɗa zukatansu, jini na ɗiga a cinyar mai farar riga. Ba ta zaɓi ɗaya ta jefar da ɗaya ba. Duk wanda ya tashi tsakanin makarantar allo da ta boko, ko tsakanin yaren gida da na ofis, zai gane abin da take faɗi ba sai an fassara masa ba.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a saurara, kuma ba ita ce ta ji da kai ba. Kasuwa ta gano cewa asali yana kawo kuɗi. A Nuwamban 2021 an sayar da wani hoton kai na Frida a gwanjon Sotheby's a New York kan dala miliyan 34.9, fuskarta kuma tana kan jakunkuna da kofunan shayi, a hannun mutanen da ba su san ciwon da ta sha ba balle siyasarta. Gidajen baje kolin Paris da Landan suna da irin ɗan Afirkan da suke so su gani, mai atamfa, mai labarin wahala. Matashin mai zane yana iya faɗawa cikin wannan tarko, ya riƙa shirya kansa yadda mai saye ke so, sai a koma gidan jiya: idon wani ne ke tsara hoton, ko da yatsansa ne ya danna kyamarar. Na yarda wannan haɗari ne na gaske. Sai dai bai rushe aikin ba, ya ba mu ma'auni ne. Hoton da ya tabbatar wa mai kallo abin da ya riga ya ɗauka game da kai, talla ne. Wanda ya sa shi ya tsaya ya sake tunani, kamar basaraken Fosso ko ƙwallon Diop, ya yi aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake ganin waɗannan ayyuka. A 2014, lokacin rikicin Bangui, 'yan wawaso sun fasa gidan Fosso yana Paris, 'yan jarida masu ɗaukar hoto ne suka tsinto dubban nagetif ɗinsa a warwatse a ƙasa suka ceto su. A 2023 ya lashe kyautar ɗaukar hoto ta Deutsche Börse a Landan. Amma ɗalibi nawa ne a Najeriya ya taɓa tsayawa gaban hotonsa? A Zariya ne su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna ɗalibai a 1958, suka kafa ƙungiyar da ta ce dole mai zanen Najeriya ya haɗa abin da ya gada da abin da ya koyo. Tambayar da Fosso da Diop ke yi da jikinsu ita ce wadda aka yi a can da baki da fenti. Ya kamata sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsa su nemi a kawo waɗannan hotuna, ko da kwafi ne da aka buga da izinin masu su, a rataye su inda ɗalibai za su gani, su yi musu a kansu.