Ƙannena 'yan ƙwallo, ku zauna in ba ku labarin Jaworski

Ranar Lahadi na tsaya a filin firamaren unguwarmu ina kallon wasan kusa da na ƙarshe na gasar samari. Saura 'yan mintoci a tashi, alƙalin wasa ya busa fanareti. Bai gama sauke usur daga bakinsa ba wani yaro mai lamba 4, wanda duk filin ya shaida babu kamarsa a ranar, ya ɗauke shi da mari. Alƙalin nan malamin makaranta ne, da furfura a gemunsa, ya haifi yaron ya haifi yayansa. Ina kallo ya sunkuya ya ɗauki hularsa a ƙasa, ya kakkaɓe, ya tura babur ɗinsa ya tafi bai ce uffan ba. Su kuwa abokan yaron sai suka ɗaga shi sama suna ihu, wai namiji ne, wai ba ya ɗaukar raini.

Tun daga ranar wani mutum ke ta faɗo min a rai, mutumin da na tabbata yawancinku ba ku taɓa jin sunansa ba. Sunansa Robert Jaworski, ɗan wasan ƙwallon kwando daga ƙasar Filifin. A can ƙwallon kwando ita ce abin da tamaula take a wurinmu: yara na buga ta da silifa a kan titi, an kafa zobe a jikin falwaya ko bishiyar kwakwa. A ƙasar tasu, in ka ce "Jawo" ko "lamba 7", tsoho da yaro sun san wanda kake nufi.

An haife shi a garin Baguio a 1946, mahaifinsa Ba'amurke ne mai tushen Poland, mahaifiyarsa 'yar Filifin. Ya yi suna tun yana jami'a a Manila, a hannun koci Baby Dalupan, kuma yana ɗan shekara 22 ya wakilci ƙasarsa a wasannin Olamfik na 1968 a Meziko. Duk abin da saurayi ke mafarki ya riga ya zo hannunsa.

Sai ga watan Disamba na 1971. Ƙungiyarsa ta Meralco tana karawa da Crispa, suka ga kamar alƙalai na danne su. Shi da abokin wasansa Alberto Reynoso suka far wa alƙalan da duka a gaban jama'a. Hukumar ƙwallon kwando ta ƙasar ta yanke musu hukuncin haramta wasa har ƙarshen rayuwa. Shekararsa 25. Ƙungiyar Meralco ɗin ma ba ta daɗe ba aka rushe ta, 'yan wasan da ba su daki kowa ba suka watse neman wurin ci. Wannan shi ne abin da ba ku lissafawa, ƙannena. Hannu ɗaya ke mari, amma mutum goma ke kwana da yunwa.

Na san abin da wani zai ce: ai an yafe masa. Gaskiya ne, an yafe. A 1973 Manila ce za ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Asiya, ƙasar tana buƙatar gwanayenta, aka ɗage musu hukuncin, suka buga, suka kuma ɗauki kofin. To amma ku tsaya ku tambayi kanku, ba da wasa ba. An yafe wa Jaworski ne domin ƙasa guda tana jiran hannunsa. Kai da kake bugawa a filin firamare, wa ke jiran ƙafarka? In kwamitin gasa ya rubuta sunanka a baƙin littafi, ko mai neman 'yan wasa ya zo daga wata ƙungiya aka raɗa masa cewa yaron nan ya iya amma yana dukan alƙali, shi ke nan an rufe babinka, gobe wani yaron zai sa lambarka. Ba kowa ake buɗe wa ƙofa sau biyu ba.

Shi da aka buɗe masa, ya shiga da ƙafar dama. Aka kafa gasar ƙwararru ta PBA a 1975, irinta ta farko a nahiyar Asiya, yana cikin ƙungiyar Toyota. Gabar Toyota da Crispa ta raba ƙasar gida biyu, kamar yadda kuke rabuwa a gidan kallo ranar Madrid da Barcelona. Ya ɗauki kofi 9 da Toyota, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa a 1978. Da Toyota ta rufe bayan kakar 1983 ya koma ƙungiyar da aka fi sani da Ginebra (sunan barasa ne, kamfaninta ke da ƙungiyar, Allah ya kiyashe mu, ba ita ce zancenmu ba). A 1985, yana shekara 39, aka ba shi koci alhali yana ci gaba da bugawa. Ku yi tunanin wannan nauyin: kai ne ke tsara wasa a benci, kai ne ke shiga ka yi gudu da yaran da ka girma da shekara goma sha biyar, in ka yi kuskure ba ka da wanda za ka ɗora wa.

A watan Oktoba na wannan shekara suka haɗu da Northern Cement, wadda a zahiri ita ce tawagar ƙasa a lokacin. Wani ɗan wasa mai suna Jeff Moore ya same shi da gwiwar hannu a baki, leɓe ya fashe, jini ya ɓalle. Aka ɗauke shi zuwa asibiti aka yi masa ɗinki. Kowa ya ɗauka ya tafi gida. Ana cikin wasa, an ba Ginebra rata mai yawa, sai ga shi ya shigo da filasta a baki. Filin ya ruɗe. Ya shiga, ya ja yaransa suka farke, suka ci wasan. Daga wannan dare magoya bayan Ginebra suka samo taken da suke rerawa har yau, wanda ma'anarsa ita ce ba a miƙa wuya matuƙar da sauran numfashi.

Ku lura da abin da ya yi da wannan jinin. Wanda ya fasa masa baki yana nan tsaye a fili. Jaworskin 1971 da ya dawo neman sa da naushi, a kore shi, ƙungiyar ta sha kashi, a manta da wasan kafin mako ya zagayo. Na 1985 ya kai ramuwar ne cikin kwando. Zafin zuciyar ɗaya ne, bai je ko'ina ba, sai dai yanzu shi ke riƙe da linzaminta. Ku da kuke cewa yaron ranar Lahadi namiji ne, wannan ce mazantakar da ake ba jikoki labari bayan shekara arba'in.

Kada ku ɗauka waliyyi nake zana muku. Hali zanen dutse. A watan Mayu na 1990, a wasa na shida cikin bakwai na zagayen ƙarshe da ƙungiyar Shell, ana ba su ratar maki 15 tun kafin hutun rabin lokaci, ƙungiyarsa ta fusata da hukuncin alƙalai ta fice daga fili ta ƙi dawowa. Aka miƙa wa Shell kofi a ɓagas, aka ci tarar ƙungiyar peso 550,000. Mutum mai shekara 44, koci, ya sake bari fushi da alƙali ya ci musu kofi. Ni a ganina wannan tabo ne a tarihinsa, ko da magoya bayansa za su yi ta kawo uzuri.

Shekara guda cif bayan haka suka sake haɗuwa da Shell ɗin nan a zagayen ƙarshe. Tsarin shi ne wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ya ɗauki kofi. Shell ta ci uku, Ginebra ɗaya. A tarihin gasar babu ƙungiyar da ta taɓa fitowa daga wannan rami. Wannan karon ba su fita ba. Suka ci na biyar, suka ci na shida, a na bakwai saura daƙiƙa biyar Rudy Distrito ya kutsa ya jefa ƙwallo yana faɗuwa, ta shiga, aka tashi 104 da 102. Abokan karawa ɗaya, koci ɗaya, alƙalan ma ba daga sama aka saukar da sababbi ba. A 1990 sun tafi gida da takardar tara, a 1991 da kofi.

Na buga ƙwallo a ƙuruciyata, na san yadda jini ke tafasa in ka ga an busa maka abin da ba ka yi ba. Alƙalai na kuskure, wasu ma na son kai, ba na musun wannan. Amma a duk shekarun da na yi a bakin fili ban taɓa ganin alƙalin da ya janye fanareti domin an mare shi ba. Abin da na gani shi ne yaran da suka fi kowa iyawa a zamaninmu, waɗanda muka ɗauka za su tsallaka ruwa, sun ƙare ba ƙungiyar da ke son ɗaukar su, domin kowane koci ya san wata rana za su bar shi da mutum goma a fili. Yanzu ma ya fi muni, tunda kowa da waya a hannu. Marin ranar Lahadi kafin magariba ya zagaya WhatsApp, kuma ba mai iya goge shi.

Jaworski ya ci gaba. Ya jagoranci tawagar ƙasarsa a matsayin koci a wasannin Asiya na 1990 a Beijin, suka zo na biyu bayan Sin. Ya ƙara kofi a 1997, na huɗu kenan da ya ɗauka yana koci yana kuma ɗan wasa. Ya daɗe har ɗansa na cikinsa ya girma suka sa riga ɗaya a ƙungiya ɗaya. Sai a 1998, yana shekara 52, ya ajiye, aka zaɓe shi sanata. Shekara 27 kenan bayan daren da aka ce ya gama har abada.

Akwai wani ɗan abu da nake so ku riƙe. Ya daɗe ba sa ga maciji da tsohon abokin wasansa na Toyota, Ramon Fernandez, duk ƙasar ta san da gabar. A wasan taurari na 1989 aka haɗa su a tawaga ɗaya. Saura daƙiƙoƙi, an yi kunnen doki, ƙwallo na hannun Jaworski. Ya duba ya ga Fernandez ne ya fi dacewa, ya miƙa masa, ya jefa ta shiga, suka ci. Tsohon malaminsa Dalupan, wanda shi ne kocinsu a ranar, ya jawo su biyun suka gaisa a tsakiyar fili.

To, kai mai lamba 4, na san saƙon nan zai iso gare ka, domin abokanka za su tura maka suna dariya. Allah ya ba ka ƙafa, wannan ba a jayayya. Malamin da ka mara bai kai ka ƙara ba, bai kuma je wurin mahaifinka ba, kada ka ɗauki wannan shirun a matsayin tsoro. Na yi magana da yayanka jiya. Na ce masa in kun shirya, ranar Juma'a bayan la'asar zan raka ku gidan malam, ka cire hula ka durƙusa ka ba shi haƙuri, tun kafin kwamiti ya zauna.