Ba kuɗin ba ne, kofunan nan huɗu ne suka burge ni

Wani labari da na karanta ya ce ranar biki ƙawayen amarya a ƙasar Sin kan tare wa ango ƙofa sai ya miƙa jan ambulan na kuɗi. Gaskiya ne, musamman a lardin Guangdong da Hong Kong, har da Sinawan Malesiya da Singafo. Sai dai marubucin ya tsallake abin da ya fi ma'ana.

Kafin a buɗe, ana ba ango da abokansa abu huɗu su ɗanɗana: tsami, zaƙi, ɗaci da yaji. Lemon tsami, zuma, shayi mai ɗaci, barkono. Yana haɗiyewa, idonsa na hawaye, dangin amarya na kallo. Ana nuna masa ne zaman aure ya ƙunshi duka huɗun, kuma ya yarda zai jure. Wallahi wannan ya taɓa min zuciya. Bayan ya shiga ma sai ya lalubo takalmin amarya da aka ɓoye, ya durƙusa ya saka mata.

Masu cewa sayen baki ne irin namu, akwai kama ta wajen kuɗin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne inda wasan ke komawa wulaƙanci, a ɗaure ango a jikin bishiya ana fasa masa ƙwai. Hukumomin ƙasar Sin ma sun yi tir da hakan.