Kayar Da Mutum A Musu Daban, Shawo Kansa Daban

'Yan uwana matasa, musamman mu da muka ɗan taɓa boko muka dawo gida, akwai wata cuta da ta kama mu. A majalisa bayan isha'i, ko a rukunin WhatsApp na 'yan gari, sai ka ga yaro ya jero hujjoji ya ƙure dattijo, abokansa suna ta zuga shi. Gari na wayewa dattijon nan yana nan kan bakansa, har ma ya ƙullace shi. To me aka ci?

Iya magana ilimi ne da magabata suka zauna suka tsara. A ƙasar Girka, tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristotle ya ce abu uku ke sa a karɓi zance: halin mai maganar, abin da ya motsa a zuciyar mai sauraro, da ƙarfin hujjar kanta. Mu kuwa na ukun kaɗai muka riƙe, shi ma rabi-rabi. Malaman Larabci kuma suna da balaga, mai rassa uku: ma'ani, bayani da badi'i. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, na cikin waɗanda suka kafa ginshiƙinta, kuma har yau ana karanta Jauharul Maknun na Akhdari a zaurukanmu. Abin da suka tattara a kai shi ne magana ta dace da halin da ake ciki, bayan ta fita da fasaha. Wanda kake gaya wa, da wurin, da lokacin, duk suna cikin lissafi.

Mu ɗauki maganar kachala, doguwar ciyawar nan mai tsiro cikin ruwa, wadda duk mutumin Guri ko Kirikasamma a Jigawa ya san baƙin cikinta. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwa ya kauce ya kwanta a gonaki, ga tsuntsu jan baki ya samu maɓoya yana cinye shinkafa. A ce kana son gari ya fito gayya a sare ta. Idan ka miƙe a ƙofar dagaci, hannu cikin aljihu, ka ce, "Matsalarmu jahilci da rashin haɗin kai," ko da gaskiya ka faɗa, ka kashe maganar da bakinka. Amma ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce, "Ranka ya daɗe, bara ruwa ya ci gonar kusan kowa a nan. Mu samari mun yi shawara za mu fara shiga da lauje ranar Asabar, izininka muke nema, da kuma wani babba da zai nuna mana inda tsohuwar hanyar ruwan ta bi." Ka tuna masa asarar da ya gani da idonsa, ka sa wuyanka kafin na wani, ka kuma bar wa dattawa gurbin da ba za a yi aikin ba su ba. Ba fadanci ba ne wannan. Fir'auna ma, da aka aika Annabi Musa da Annabi Haruna wurinsa, cewa aka yi su gaya masa magana mai laushi, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Balle baffanka.

Sai dai duk ladabin nan banza ne idan an san ka da cin bashi ba biya, ko kuɗin ƙungiya sun taɓa salwanta a hannunka. A ƙauye an riga an auna ka kafin ka buɗe baki.

Rubutu ma haka yake. Na ga takardun koke da matasa ke kai wa ƙaramar hukuma kan tuƙa-tuƙa da ta lalace: shafi guda na kirari, ko kuma shafi guda na zagi, ainihin buƙatar tana can ƙasa a layi ɗaya. Mai karantawa yana da tarin irinsu a gabansa. Faɗi abin da ya lalace, tun yaushe, gida nawa ke sha daga wurin, nawa kuka tara da kanku, nawa ya rage. Sannan mai unguwa da liman su sa hannu.

Abu ɗaya nake ji muku tsoro idan bakinku ya goge. Dillalin da ke cusa maka saniya mai ciwo a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shi ma wannan fannin yake aiki da shi, kuma ya ƙware. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi masu kawo masa shari'a: wani kan fi wani iya tsara hujja, to duk wanda aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa saboda haka, yankin wuta aka yanka masa. Ku tuna da wannan ranar da za a zauna rabon gona, ku da ƙannenku mata da ba su saba magana a gaban mutane ba.