Nasiha Ga Matasa Masu Sha'awar Japan Da Al'adunta

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa maza da mata. Da yawa daga cikinku kun ga hotunan magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Japan a gasar cin kofin duniya ta Ƙatar a 2022, ranar da ƙasarsu ta doke Jamus da ci 2 da 1, yadda suka tsaya bayan an tashi wasa, kowa da leda a hannu, suna tsince shara a tsakanin kujeru. Kun yaɗa hotunan kun yaba, wasunku kuma suka ƙara da zagin kansu da mutanensu. Yabon ya dace, sai dai yawancinmu mun tsaya ga abin da ido ya gani, ba mu tambayi inda halin ya samo asali ba, kuma a wajen amsar wannan tambaya ne amfanin yake.

A mafi yawan makarantun gwamnati na Japan, ɗalibai ne ke share azuzuwansu da kansu. Akwai ɗan lokaci da aka ware kullum, sau da yawa bayan abincin rana, sai a ture tebura gefe, wasu su ɗauki tsintsiya, wasu su durƙusa da tsumma suna goge daɓe daga wannan bango zuwa wancan, malami yana cikinsu yana yi tare da su. Abincin ranar ma su ke rabawa junansu bi da bi, sanye da farar riga da hula. Yaron da ya shekara tara yana wannan, idan ya girma ya je filin wasa a wata ƙasa, ba ya bukatar a ce masa ya ɗauke kwalbar da ya sha ruwa. Saboda haka wanda ya yaba wa Japanawa da safe a Facebook, da yamma kuma ya wurga ledar ruwa ta tagar mota, ya san cewa bai ɗauki komai daga wajensu ba.

Abu na biyu shi ne yadda suka karɓi zamani. Fiye da shekara 200 Japan ta taƙaita hulɗarta da Turawa ƙwarai, ba a bar kowa daga cikinsu yana ciniki ba sai 'yan Holan, su ma a wani ɗan tsibiri da ke Nagasaki. A 1853 jiragen ruwan yaƙin Amurka ƙarƙashin Matthew Perry suka iso, suka tilasta a buɗe ƙofa. Shugabannin da suka karɓi mulki a 1868, farkon zamanin Sarki Meiji, sun gane cewa ƙasar da ba ta mallaki ilimin masu bindiga ba za ta zama abincinsu. A 1871 suka tura babbar tawaga ƙarƙashin Iwakura Tomomi, ta yi kusan shekara biyu tana zagaya Amurka da Turai, tana duba makarantu da masana'antu da kotuna da asibitoci. A cikin ɗaliban da suka bi tawagar har da wata yarinya 'yar shekara shida, Tsuda Umeko, wadda ta dawo daga baya ta kafa makarantar mata a 1900, kuma hotonta ne a kan sabuwar takardar kuɗi ta yen 5,000 da aka fitar a 2024. A 1872 aka kafa dokar ilimin bai ɗaya. Suka zauna suka fassara littattafan kimiyya da shari'a da likitanci, suka ƙirƙiro kalmomin da babu su a da, har ya zama yau ɗan Japan yana iya karanta aikin injiniya tun daga farko har digiri da harshen uwarsa. Ku lura da abin da suka je nema a waje. Wahalar koyo suka je ɗauka, yayin da mafi yawan abin da muke kwasowa ta waya yau salon aski ne da rawa da karya harshe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda suke hana sana'a mutuwa. A garin Ise akwai wurin bauta mafi girman daraja a addinin Shinto, wato addinin gargajiya na Japan, wanda ake gina sabonsa a filin da ke gefe duk bayan shekara 20, sannan a rushe tsohon. An yi karo na 62 a 2013, ana sa ran na gaba a 2033. Ba aƙidarsu nake kira a yi koyi da ita ba, wannan tasu ce, mu muna da tamu. Hikimar da ke ciki nake so ku gani: shekara 20 ita ce tazarar da za ta sa saurayin da ya riƙe wa maigidansa katako a wannan karo ya zama shi ne gwani a karo na gaba, a na uku kuma ya zama dattijo mai duba aikin yara. Ta haka fasahar sassaƙa da haɗa katako ta tsallake ƙarni bayan ƙarni tana hannun rayayyu. Tun 1955 kuma gwamnati ke zaɓen gwanayen saƙa da rini da ginin tukwane da ƙira da wasan gargajiya, tana ba su tallafin kuɗi duk shekara domin su horar da magada.

Kada wani ya ce wannan riƙon tsohon abu ne da ba ya kawo kuɗi. Motocin Toyota da suka cika tashoshinmu daga masaƙa suka fito. Sakichi Toyoda ɗan kafinta ne da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana saƙa da hannu, ya yi ta gyara masaƙar har ya ƙera injin saƙa mai tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke. A 1929 aka sayar wa wani kamfanin Ingila haƙƙin ƙera injin, ɗansa Kiichiro kuma ya juya ga mota, aka kafa kamfanin motocin Toyota a 1937. Dabarar nan ta tsayar da aiki idan an ga aibi, maimakon a bar shi ya wuce, har yanzu tana cikin ginshiƙan masana'antunsu. Don haka nake roƙon duk wanda a gidansu akwai ƙira ko dukanci ko rini ko saƙa ko gini, ya daina jin kunyar faɗa a gaban abokan jami'a. Ya zauna gaban tsohon da ya iya tun yana da rai, ya koya da hannunsa, ya rubuta sunayen kayan aikin da matakan aikin, sannan ya tambayi kansa me karatunsa na zamani zai gyara a ciki.

Amma kada sha'awa ta rufe muku ido. Ƙarfin da Japan ta samu ya kai ta ga mamaye Koriya a 1910 da ta'asar birnin Nanjin na ƙasar Sin a 1937, kafin bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945. Son aikin da muke yabo ya wuce gona da iri har mutane na mutuwa saboda yawan aiki, sai da majalisa ta yi doka a kan matsalar a 2014. Aure ya ja baya, haihuwa ta ragu, jariran da aka haifa a 2022 ba su kai 800,000 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 120, kuma kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai shekara 65 ko sun haura. Ƙidayar gidaje ta 2023 ta nuna kimanin gidaje miliyan 9 babu kowa a ciki. Akan sami tsoho ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa, sai bayan kwanaki ko makonni a gane. Idan kun ji ana cewa zumunci da gaishe-gaishe da ziyarar dangi ɓata lokaci ne da ke hana ci gaba, ku tuna da wannan, ku ɗauki waya ku kira goggonku da ke ƙauye.

Rashin matasa ya fara cin al'adun da suka daɗe suna karewa. A haikalin Kokuseki da ke lardin Iwate, a arewacin ƙasar, akwai wani bikin hunturu da aka ce ya haura shekara 1,000 ana yin sa. A watan Fabrairu na 2024 aka yi shi karo na ƙarshe, duk da cewa 'yan kallo da masu ɗaukar hoto suna tururuwa daga nesa, domin shugaban haikalin ya bayyana cewa mutanen da ke ɗaukar nauyin shirya shi sun tsufa, kuma babu isassun matasa a yankin da za su gaje su.