Maganin feshi mai makunni: wa ke riƙe da rana?

A shekarar 2013 ɗaliban masanin kimiyyar sinadarai Ben Feringa a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan suka haɗa wani maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda sai an haska masa hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, yake farkawa, bayan 'yan sa'o'i kuma ya koma barci da kansa. Sirrin wani sinadari ne, azobenzin, wanda haske ke lanƙwasa shi kamar wuƙar aljihu. Idan siffar maganin ta dace da ramin da ke jikin enzayim, wato sinadarin da ke tafiyar da wani aiki a jikin ƙwayar cutar, sai ya toshe shi; idan ta sauya, ya saki. Yanzu masana na neman kai wannan dabara gona.

Ɗauki cutar nan mai ƙone ganyen shinkafa, wadda manoman Kebbi da Kura ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Naman gwarin da ke haddasa ta sai ya tara baƙin sinadarin melanin kafin ya samu ƙarfin huda ganye. Magunguna irin su tirisaikilazol da karfurofamid enzayim ɗin da ke ƙera melanin ɗin suke toshewa. A Japan, a 2001, cutar ta fara gagarar karfurofamid, don yawan haɗuwa da magani shi ke koya wa cuta kauce masa. Maganin da zai yi aikinsa ya mutu, bai kwana a ruwan fadama ba, ai abin so ne. Mu da Tarayyar Turai ta rufe wa waken mu ƙofa a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari, mun san zafin abin.

Sai dai ni ban yarda an kusa ba. A ɗakin bincike fitila na hannun mai bincike, shi ke zaɓar launin haske da daƙiƙar kunnawa. A gona fa? Rana tana zubo kowane launi a haɗe, mai kunnawa da mai kashewa, daga hantsi har la'asar. Ga shi cutar ta fi son daren raɓa da ƙasan ganye, inda haske bai cika kaiwa ba. Kwalbar ma, a tiren ɗan kasuwa take yini cikin rana kafin ta shiga jarkar feshi.

Amfanin irin wannan magani na yau yana ɗakin bincike: a kashe enzayim, a kunna, a gane a wane mataki cutar ke da rauni. Wannan kaɗai ya isa a zuba kuɗi. Wanda kuwa ya zo tallan maganin gona mai makunni, a fara tambayarsa yadda ya yi da ranar Sakkwato.