Kansul ɗin Birmingham ta tsiyace, amma ana ganin littafin kuɗinta

Mutanen gida Najeriya in an ce musu ƙaramar hukuma a Ingila ta talauce sai su ce wasa ake, ai ƙasar Turawa ce. To wallahi a watan Satumban 2023 kansul ɗin Birmingham, nan inda muke zaune, ta fito ta ce ba za ta iya biyan abin da ke kanta ba. Bashin ma'aikata mata da aka daɗe ana biyansu ƙasa da maza an ƙiyasta a lokacin zai iya kaiwa fam miliyan 760, ga wani tsarin kwamfuta na kamfanin Oracle da aka narka wa kuɗi ya ƙi aiki yadda ya kamata, ga kuɗin kula da tsofaffi da yara marasa galihu kullum sai hauhawa yake, kuma shi wannan doka ce ta ɗora musu, ba su isa su ce babu ba.

Sai aka juyo kanmu. An ƙara harajin gidaje kusan kashi 10 cikin ɗari a 2024, aka rage hasken fitilun titi, a 2025 masu kwasar shara suka shiga yajin aiki, bola ta taru a unguwanni har ɓeraye suka samu gari. Ba Birmingham kaɗai ba, Croydon da Nottingham ma sun taɓa faɗawa wannan rami.

Ni abin da ke cin raina shi ne a nan kasafin yana intanet, kowa zai buɗe ya ga inda aka yanke, kansila yana shan zagi a taron unguwa amma dai yana zuwa. A gida fa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kason da ake rabawa daga Abuja ya ƙaru, a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a daina bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni, amma har yanzu ka tambayi ɗan uwanka a ƙauye nawa ƙaramar hukumarsu ta samu watan jiya, ba zai sani ba, ciyaman ɗin ma yana birni ba ya zama sakatariya. Asibitin sha-ka-tafi babu magani, rijiyar burtsatse ta lalace sai matasa sun yi karo-karo an gyara, kuma babu wanda ya taɓa fitowa ya ce musu kuɗi ne suka ƙare.